Rikicin siyasa bayan zaɓen shugaban ƙasa

Rikicin bayan zaɓe shi ne dambarwar da kan ɓarke idan hukumar zaɓe ta bayyana wanda ya ci kujerar shugaban ƙasa amma ɗaya ɓangaren ya ce atafau bai yarda ba, ko dai saboda zargin maguɗi da aringizon ƙuri'u, ko kuma mai riƙe da mulki ne ya sha kaye ya ƙi sauka. Wani lokaci abin a kotu yake ƙarewa, wani lokaci a titi, wani lokacin kuma sai sojoji sun shigo. Yawanci dai yadda rigimar za ta kaya ya fi dogara ga irin yardar da mutane suka yi da hukumar zaɓe da alƙalai, da kuma ɓangaren da masu bindiga suka karkata, fiye da ainihin ƙuri'un da aka kaɗa.

Kenya, 2007

Wannan shi ne misalin da aka fi kawowa. An yi zaɓe ranar 27 ga Disamba 2007 tsakanin Shugaba Mwai Kibaki na jam'iyyar PNU da Raila Odinga na jam'iyyar ODM, da farko Odinga ne a gaba a sakamakon da ake ta fitarwa, sai kawai tazarar ta dinga raguwa, ranar 30 ga wata shugaban hukumar zaɓe Samuel Kivuitu ya ce Kibaki ne ya ci da kimanin ƙuri'a 230,000, a yammacin nan kuma aka rantsar da shi cikin gaggawa a fadar gwamnati. Shi kansa Kivuitun daga baya ya ce bai san wanda ya ci ba.

Odinga bai je kotu ba don a cewar ɓangarensa alƙalan ai mutanen Kibaki ne, sai abin ya koma titi, daga nan ya rikiɗe ya zama na ƙabilanci, 'yan Kikuyu ƙabilar Kibaki a gefe guda, Luo ƙabilar Odinga da kuma Kalenjin a ɗaya gefen, ga tsohuwar rigimar filaye a yankin Rift Valley da dama can ba a warware ba. Ranar 1 ga Janairu 2008 aka cinna wa wata coci wuta a Kiambaa kusa da Eldoret da mutane a ciki. Kwamitin bincike na Mai shari'a Waki ya ce mutum 1,133 ne suka mutu, da yawansu harsashin 'yan sanda ne ya kashe su, waɗanda suka rasa matsuguni kuwa wasu ƙiyasin sun kai su wajen 600,000.

Tsohon sakatare-janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ne ya shiga tsakani, ranar 28 ga Fabrairu 2008 aka sa hannu kan yarjejeniyar raba mulki, Kibaki ya ci gaba da zama shugaba aka ƙirƙiro wa Odinga kujerar firaminista. Sabon kundin tsarin mulki na 2010 daga nan ya samo asali. 'Yan siyasa Uhuru Kenyatta da William Ruto an gurfanar da su a kotun duniya ta ICC bisa zargin hannu a rikicin, shari'ar ta watse, su biyun kuma duk sun zo sun mulki ƙasar daga baya, abin da ya sa har yau iyalan waɗanda aka kashe ke ganin ba a yi musu adalci ba.

Kwaddebuwa, 2010

Nan kam shugabanni biyu aka samu a rana ɗaya. Bayan zagaye na biyu ranar 28 ga Nuwamba 2010 hukumar zaɓe ta ba Alassane Ouattara kashi 54, majalisar tsarin mulki kuma wadda na hannun daman shugaba mai ci Laurent Gbagbo ke jagoranta ta soke ƙuri'un wasu yankunan arewa ta ce Gbagbo ne ya ci da kashi 51, kowa ya yi rantsuwarsa ranar 4 ga Disamba. Ouattara ya kafa gwamnatinsa a cikin otal a Abidjan, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na gadinsa, ECOWAS da Tarayyar Afirka suka mara masa baya, aka toshe wa Gbagbo hanyar kuɗi ta babban bankin yankin. Duk da haka sai da aka gwabza yaƙi, kimanin mutum 3,000 suka mutu, ranar 11 ga Afrilu 2011 aka kama Gbagbo da taimakon sojojin Faransa. ICC ta wanke shi a 2019. Ana zargin dakarun ɓangarorin biyu da kisan fararen hula.

Sauran misalai

A Najeriya gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ce ta soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 wanda ake ganin MKO Abiola ya kayar da Bashir Tofa, abin da ya biyo baya shi ne gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, sai juyin mulkin Abacha a watan Nuwamba, Abiola kuma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998. A Gambiya Yahya Jammeh ya amince Adama Barrow ya kayar da shi a Disamban 2016, bayan kamar mako guda ya ce ya fasa, sai da ECOWAS ta tura sojoji sannan ya fice zuwa Equatorial Guinea a Janairun 2017.

Amurka ma ba ta tsira ba, a 2000 ƙuri'a 537 a Florida da hukuncin kotun ƙoli suka ba George W. Bush nasara a kan Al Gore, ranar 6 ga Janairu 2021 kuma magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisa bayan ya ƙi yarda ya sha kaye a zaɓen 2020.

Rawar kotu

Ba kasafai kotu ke rushe zaɓen shugaba mai ci ba. Kotun ƙolin Kenya ta yi hakan a Satumban 2017 inda ta soke nasarar Uhuru Kenyatta a kan Odinga, Odinga ya ƙaurace wa zaɓen da aka sake Kenyatta ya koma. Kotun tsarin mulkin Malawi ita ma ta yi a Fabrairun 2020 bayan an ga an goge alƙaluma da farin ruwan goge rubutu na Tipp-Ex a takardun sakamako, a can kam da aka sake zaɓen a watan Yuni ɗan adawa Lazarus Chakwera ne ya ci.