Wai nawa Ba'amurke zai tara kafin a kira shi mai kuɗi?

Nawa ne kuɗin da su kansu suke ɗauka arziki?

Kamfanin harkar zuba jari na Charles Schwab duk shekara sai ya yi wa Amurkawa wannan tambayar, a 2024 amsar da ta fito ita ce dala miliyan 2.5. Kar ka yi saurin bugawa a naira tukuna, don ba tsabar kuɗin cikin akawun suke nufi ba. Gida da mota da hannun jari da kuɗin ritaya duk za'a haɗa, sai a cire duk bashin da ake binka, abinda ya rage shine arzikinka. Kuma gari ma yana canza lissafin, mutanen San Francisco sama da miliyan 4 suka ce.

Da yawa ne suka kai wannan matakin?

Ina! Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna iyalin da ke tsakiya, wato rabin ƙasa sun fi su rabi basu kai su ba, kusan dala 193,000 suka mallaka, kuma yawanci gidan da suke ciki ne ya cinye kaso mafi tsoka.

To mai babban albashi fa, ba mai kuɗi bane?

Wanda ke ɗaukar dala 100,000 a shekara ana ganin ya kama ƙasa, amma kafin kuɗin su shigo hannunsa gwamnatin tarayya ta yanki haraji, an cire kashi 7.65 na Social Security (fanshon gwamnati) da Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi), in a California ko New York yake jiha ma ta yanki nata (Texas da Florida basa karɓar harajin albashi), ga inshorar lafiya, ga haya, ga kuɗin renon yara. A ƙasa kuma mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba, sai dai jihohi da dama sun ɗaga nasu.

Meyasa kullum maganarsu bata wuce bashi?

Nan ne abin yake ɗaure ma namu kai. A can yawancin mutane suna da maki na iya biyan bashi, wanda aka fi sani shine FICO, daga 300 zuwa 850. Kaje neman haya mai gida zai duba, kaje ɗaukar mota a bashi za'a duba, in makin yayi ƙasa a lafta maka ruwa mai yawa ko a ce ka ƙara gaba. Abin mamakin shine wanda bai taɓa cin bashi ba, ba shi da maki kwata-kwata, saboda haka sabon zuwa ko da kuɗinsa a aljihu sai ya yanki katin bashi, ya dinga siyan mai da cefane dashi yana biya kan lokaci, kafin su yarda dashi. Gida kuwa yawanci shekara 30 ake biya, bashin karatun jami'a da ke kan 'yan ƙasar ya haura dala tiriliyan 1.6. Shiyasa zaka ji mutum yana ta murna ya gama biyan bashi kamar an masa haihuwa. Musulmai masu gudun riba akwai kamfanonin da ke sayar musu gida ta tsarin musharaka, wato ku haɗa kuɗi ku sayi gidan kana sayen kasonsu a hankali, amma basu da yawa.

Tsufa fa, ba 'ya'ya ke riƙe iyaye ba?

Akwai masu yi, amma ba'a gina rayuwa akan haka. Tun kana matashi ake cire wani abu daga albashinka ana zubawa a asusun ritaya da ake kira 401k, wani kamfanin ya ƙara maka nasa a kai, in ka taɓa kafin shekara 59 da rabi tarar kashi 10 ce banda haraji. A ganina wannan ne ainihin ma'auninsu, ka tsufa baka ɗora ma kowa nauyi ba.

Wanda muke gani a hoto da ƙatuwar mota gaban gida fa?

Wataƙila nasa ne, wataƙila na banki ne yana biya wata-wata. Babban bankin nan dai ya tambayi mutane a 2023 ko zasu iya biyan dala 400 na gaggawa nan take da kuɗinsu, kashi 63 ne suka ce eh, sauran sai sun ranta ko sun sayar da wani abu, wasu ma sun ce bazasu iya ba.