Me ake nufi da binciken ƙwaƙwaf, kuma me ya kai ɗalibanmu cikinsa?

Ran da ɗan yayata ya dawo hutu daga makarantarsu ta Gusau, ya gaya wa mahaifiyarsa cewa ya shiga ƙungiyar ɗalibai 'yan jarida, kuma binciken ƙwaƙwaf yake so ya ƙware a kai. Ba ta ce masa uffan ba. Sai bayan sallar isha'i ta kira ni a waya. Ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya. Wannan abu aikin 'yan sandan ciki ne, ko irin na yaran nan ne masu zagin manya a Facebook?" Na ce, "Yaya, babu ko ɗaya a ciki." Bayanin da na yi mata a daren bai gamsar da ita ba, ni ma kuma bai gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Bahaushe ya san ƙwaƙƙwafi tun kafin rediyo ya shigo ƙasar nan. Mai ƙwaƙƙwafi shi ne wanda in ka ba shi amsa sai ya jefo maka wata tambayar. Ka ce ka sayo akuya a kasuwar Talata Mafara, ya ce a hannun wa, nawa aka sallama, wa ya shaida. A zaman gida ba a cika yabon wannan hali ba, har akan ce wane ya cika bin diddigi. 'Yan jarida ne suka ɗauko shi suka mayar da shi sana'a. Yau in ka ji gidan rediyo ko jarida ta ce "binciken ƙwaƙwaf", ko "bin diddigi", ko "bincike mai zurfi", duk abu ɗaya ake nufi: ɗan jarida ya tono wani al'amari da ya shafi jama'a, wanda wasu suka fi son ya zauna a rufe, ya tono shi da guminsa, kuma ya zo da hujjar da za ta tsaya ko a gaban alƙali.

A ce an yi bikin rabon taki. Wakilin jarida ya je, ya ji jawabi, ya ɗauki hoto, ya rubuto cewa an ƙaddamar da rabon buhu kaza. Wannan labarin yau da kullum ne, kuma yana da amfaninsa. Mai binciken ƙwaƙwaf shi ne wanda zai dawo bayan wata biyu, lokacin da an kwashe rumfuna kowa ya manta, ya bi ƙauye-ƙauye yana tambaya: buhu nawa ya iso nan, wa ya sa hannu ya karɓa, manomi nawa suka samu kafin damina ta yi nisa. In rahoton hukuma kawai aka miƙo masa ya buga, ba a kira shi bincikensa ba, domin wani ne ya yi wahalar. In kuma abin da ya tono rikicin wani ne da matarsa, to wannan tonon silili ne, jama'a ba su da haƙƙi a ciki.

Nan ne damuwar Yaya ta fi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Ta ce ai an hana mu leƙen asirin juna. Haka ne, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana. Amma a cikin surar dai, aya ta 6 ta umarce mu da mu tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi, kada mu cutar da wasu cikin jahilci. Ni ba malami ba ne, sai dai a fahimtata kuɗin asibitin ƙauye ba asirin kowa ba ne. Amana ce ta jama'a, kuma mai amana ba ya fushi don an ce ya kawo lissafi. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ma, a sashe na 22, ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin sa gwamnati ta riƙa ba da bahasi ga talakawa.

Bari in ba da labarin aikinsa na farko, don a can ne ni kaina na gane bambancin bincike da zargi.

Ya ga wani layi a cikin kundin kasafin kuɗi, a wayarsa ya karanta shi, inda aka rubuta gina ɗakin shan magani a wani ƙauye da ya sani tun yana yaro. Ya hau motar haya zuwa inda kwalta ta ƙare, daga nan ya hau kabu-kabu. Da isarsa bai ciro waya ba. Ya nufi ƙofar mai gari, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi sunan kakansa na wajen uba. Mai gari ya dube shi ya ce, "Ɗana, wa ya aiko ka?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda ya aiko ni. Ɗalibi ne ni, na ga sunan garin nan a takardar gwamnati, na zo in gani da idona." Aka haɗa shi da wani dattijo ya raka shi. Ya tarar da gini ya kai linta, babu rufi, babu ƙofa, ciyawa ta fito a tsakar ɗakin, awaki na kwance a inuwar bango. Allon aikin na nan a kafe, rana ta cinye rabin rubutun. Ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ya rubuta rana da lokaci, ya zauna da mata uku da suka gaya masa yadda ake ɗora mai naƙuda a kan babur zuwa gari na gaba. Sau uku yana komawa.

Daga nan sai takarda. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. Yaron ya rubuta, ya kai da hannunsa, ya sa aka buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Kwana 7 suka wuce, wata ya wuce, shiru. Ya kira ɗan kwangila don ya ji ta bakinsa, domin ƙa'idar aikin ce ba a buga zargi a kan mutum sai an ba shi damar kare kansa. Aka ce masa za a neme shi.

Ya rubuta labarinsa cikin zafin rai, ya sa a kanun cewa an cinye kuɗin asibiti. Editan da ke horar da su ya dawo masa da shi, ya ja layi a ƙarƙashin kalmar "cinye". Ya ce masa, kana da hujjar cewa an sa aikin a kasafi, kana da hujjar cewa ginin ba rufi, ina hujjar cewa an saki kuɗin? Yaron ya kira ni ransa a ɓace. "Kawu, ai kowa ya san abin da ya faru." Na ce masa "kowa ya sani" ba ta shiga kotu. Kasafi alkawari ne a takarda. Sau da yawa akan sa aiki a ciki a saki rabin kuɗin, ko a ƙi sakin ko kwabo, kuma wanda bai san wannan ba sai ya ɗora wa ɗan kwangila laifin da wataƙila yana can wani ofishi. Labarin da ya fita a ƙarshe ya faɗi abin da aka rubuta a kasafi, da abin da ido ya gani, da abin da matan suka ce, da ranar da aka kai wasiƙa ba a amsa ba. Bai zagi kowa ba, kuma babu layi ɗaya a ciki da wani zai iya ƙaryatawa.

To me ya sa ɗalibai? A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin 'yan jarida na cikin makarantu sun yi ƙarfi, musamman a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, inda yaran Kebbi da Zamfara da yawa ke karatu. Cibiyar bunƙasa aikin jarida ta CJID da ke Abuja tana da shirin Campus Reporter da ke horar da su, Cibiyar Wole Soyinka kuma tun 2005 take ba da lambar yabo ga irin wannan aiki. Amma babban dalili a wajenmu shi ne giɓi. Wakilan manyan jaridu kaɗan ne a jiharmu ta Zamfara, galibinsu kuma a Gusau suke zaune, hanyoyin Ɗansadau da Zurmi da Shinkafi kuwa ba kowa ke iya bin su ba. A watan Satumban 2021 har layukan waya aka datse a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Ɗalibi ɗan gida ne. Ya san harshen, ya san wace rana kasuwa ke ci, ya san wanda za a fara gaisarwa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu, mun san illar rashin mai tambaya. An daɗe ana binne yara kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su gano dalili duniya ta ji. Aikin tsabtace ƙauyen Bagega daga gubar ma sai a 2013 aka fara shi, bayan matasa sun matsa lamba a kan kuɗin da aka yi alkawari.

Misalin da kowa ya fi sani a nan shi ne Yusuf Anka, wanda yana ɗalibin shari'a ya shiga daji ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, ya kuma zauna da waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, a shirin da BBC Africa Eye ta fitar a watan Yulin 2022. Shirin ya taɓo har da sace 'yan matan makarantar Jangebe da aka yi a watan Fabrairun 2021. Gwamnatin tarayya ta ce wannan kambama ta'addanci ne, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuma ta ci tarar kamfanonin da suka nuna shi naira miliyan 5 kowanne, haka ma Trust TV saboda nata shirin a kan matsalar. Na san mutanen kirki da ke ganin bai kamata a miƙa wa mai kisa makirufo ba, kuma ina jin zafin da suke ji. Ni dai ra'ayina shi ne, cutar da ba a san tushenta ba ba a yi mata magani, kuma a shirin nan ne mutane da yawa a Legas da Abuja suka fara ganin fuskokin waɗanda ake kashewa a garuruwanmu.

Haɗarin kuwa gaskiya ne, ban ɓoye wa Yaya ba. An kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch da bam a cikin ƙunshin saƙo ranar 19 ga Oktoban 1986. Ɗan jarida Bagauda Kaltho ya ɓace a zamanin Abacha. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen tsare 'yan jarida, ko da yake an yi masa gyara a 2024. Haɗarin ɗalibi a Zamfara kuma ya ɗara haka, domin a ƙauyukanmu yau babu kalmar da ta fi "infoma" saurin hallaka mutum. Baƙon da ya cika tambaya, ga waya a hannu yana ɗaukar hoto, 'yan sa-kai na iya zarginsa, mutanen daji ma na iya zarginsa. Ɗan jaridar da ya zo daga Legas yana gamawa zai hau jirgi. Ɗan gida kuwa uwarsa na nan, makarantarsa na nan, sakamakon jarrabawarsa na hannun mutanen da wata rana zai iya rubutu a kansu. Waɗanda suka ba shi labari su ma suna nan, shi ya sa ɓoye sunansu da fuskarsu ya zama wajibi a kansa ko da an matsa masa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu kafofi ke tura yaran nan wuraren da ma'aikatansu ba za su taka ba, a kan ɗan kuɗin mota da alkawarin za a sa sunanka. Wanda ya tura ɗalibi bincike, haƙƙi ne a kansa ya biya shi, ya san inda yake a kowace sa'a, ya tanadi lauya, kuma ya yarda a cire sunan yaron in sunan zai jawo masa bala'i. Yaron da aka bari da yunwa shi ne wanda ran da aka miƙo masa ambulan aka ce "ga na goro" zai yi wuya ya mayar. In ya karɓa sau ɗaya, bakinsa ya rufe a kan wannan ofishi har abada.

Yaya ta bar shi ya ci gaba, amma da sharaɗi. Ba zai fita ba sai ya gaya mata sunan garin da sunan wanda zai sauka a wajensa, kuma la'asar ta same shi a kan kwalta. Ya amince. Kwafin wasiƙar nan mai hatimi yana cikin jakar takardun makarantarsa, kuma ya ce da zarar ruwa ya ɗauke hanya ta bushe zai koma ƙauyen ya ga ko an ɗora rufin.