Dokar Karkatar Jirgin Ruwa: Ta Sa Ƙasa, Ba Ta Sa Sama Ba

Babu jirgin da zai hau teku bai karkata ba. Abin da doka ta damu da shi, in ya karkata, zai miƙe? Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO mai hedikwata a Landan, ta amince da ƙa'idar daidaiton jirage a Disambar 2008, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2010. Ta hau kan jiragen kaya da na fasinja masu tsawon mita 24 zuwa sama, don haka kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane a kogin Kwara ba sa ciki.

Akwai ma'aunin da ma'aikatan jirgi ke kira GM, wanda ke nuna ƙarfin jirgi na miƙewa in ya karkata. Idan nauyi ya zauna a ƙasan jirgi, GM ya yi girma. Idan aka jibga kaya a sama, ya ragu. Duk wanda ya ga tirela da aka yi wa lodi har ta wuce ƙima tana shan kwana ya san batun. Doka ta ce GM kada ya gaza santimita 15. Jirgin fasinja kuwa, ko mutane sun tattaru a gefe guda, kada karkatarsa ta wuce digiri 10. Iska mai ƙarfi in ta dage tana bugun gefensa, iyakarsa digiri 16. Kafin sabon jirgi ya fara aiki, sai an matsar da nauyi daga wannan gefe zuwa wancan an auna, sannan a ba kyaftin littafin da ke nuna masa yadda zai yi lodi.

Sai dai dokar ta faɗi mafi ƙanƙantar GM, ta yi shiru kan mafi girma. Jirgin da GM ɗinsa ya yi yawa yakan miƙe da fizga, ya yi ta watsa kansa dama da hagu cikin sauri, har ƙarafan ɗaure kwantena su gaza. Haka ta faru da jirgin kwantena MSC Zoe a daren 1 zuwa 2 ga Janairu 2019, a tekun arewacin Holan: kwantena 342 suka zube a ruwa, kaya suka cika gaɓar tsibiran Wadden. Masu bincike sun ambaci yawan daidaiton jirgin cikin dalilai.

Akwai kuma wani tangal-tangal mai ban tsoro da ke tasowa ko da igiyar ruwa na zuwa ta gaba ko ta baya, in tsawonta ya yi kusa da tsawon jirgin. Shi ya samu jirgin kwantena APL China a tekun Fasifik a 1998.

A 2020 IMO ta fitar da sabon jagora na wucin gadi da ya tabo waɗannan haɗura. Shawara ce kawai, kamfani na iya bi ko ya ƙi.