Wai Ina Aka Kwana Kan Hana Sa Yara Aikin Ƙarfi A Najeriya?

Yanzu in na aiki ɗana kasuwa ko na tafi da shi gona na karya doka kenan?

A'a, ba a nan gizo ke saƙa ba. Yaro ya taya babansa noma bayan an tashi daga makaranta, ko yarinya ta taya mamanta wanke-wanke, wannan tarbiyya ce. Wanda ake magana shi ne aikin da ya fi ƙarfin yaro ko ya hana shi karatu ko ya taɓa lafiyarsa, irin dako a kasuwa, fasa dutse, shiga ramin haƙar zinare, talla har dare a tasha.

To gwamnati ta yi wani abu kuwa?

A takarda kam ba laifi. 2002 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO guda biyu, mai lamba 138 kan mafi ƙarancin shekarun fara aiki da mai lamba 182 kan hana sa yara munanan ayyuka. 2003 aka yi dokar kare haƙƙin yara, aka kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane NAPTIP, 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole. Dokar NAPTIP ta 2015 ma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, amma dai kowa ya san gidaje nawa ne a unguwarsu ke da 'yar aiki da dillaliya ta kawo daga ƙauye, wata ko tsintsiya ta fi ta tsayi.

Yaran da abin ya shafa suna da yawa ne?

Binciken hukumar ƙididdiga NBS na 2022 ya ce sun haura miliyan 24, wajen kashi 39 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa 17.

Me ya sa dokokin ba sa aiki?

Na farko sai kowace jiha ta mayar da dokar 2003 tata kafin ta yi aiki a can, jihohin Arewa da dama sun daɗe suna jan ƙafa, Kano sai 2023. Sannan jami'an ma'aikatar ƙwadago kamfanoni suke leƙawa, su kuma yaran suna gona da kasuwa da cikin gidajen mutane inda ba mai shiga. Uwa-uba talauci, uwar da take ɗora wa 'yarta tallan awara da kuɗin ake cefane kuma da shi take adashen kayan ɗaki, ka ce mata doka ta hana sai ta tambaye ka me za su ci yau, makarantar da aka ce kyauta ce kuma ga yunifom ga littattafai ga kuɗin PTA.

Almajirai fa?

Zamanin Jonathan an gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, da yawansu sun lalace saboda jihohi ba su riƙe su ba. 2023 Buhari ya sa hannu aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, muna dai zuba ido ko wannan karon kuɗin abinci da albashin malamai za su isa tsangayun.