Ƙananan na'urorin lantarki a aikin gona

Ƙananan na'urorin lantarki su ne waɗanda ke sarrafa tafiyar wuta a cikin da'ira domin su auna wani abu, su kwatanta shi da iyakar da aka sa musu, sannan su kunna wata na'ura ko su kashe ta. A gona ana amfani da su wajen ban ruwa, ƙyanƙyasar ƙwai, kula da zafin ɗakin kaji, cika tankin ruwa da kuma shingen dabbobi. Kusan dukkansu tsari ɗaya gare su: sensa mai aunawa, kwanturola mai yanke hukunci, da makunni, wato rile ko tiranzista, mai ɗaukar nauyin famfo, fanka ko hita. Fannin ya bunƙasa ne bayan ƙirƙiro tiranzista a 1947 a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ya kuma zo hannun kowa da fitowar allunan Arduino, ƙananan kwanturoli da ake rubuta wa umarni, waɗanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005.

Ma'aunai da lissafi

Abu uku ake aunawa a kowace da'ira. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wutar da ke wucewa, om kuwa tirjiyar da wutar ke gamuwa da ita a hanya. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ce ta haɗa su: bolt daidai yake da amfiya sau om. Wat kuma bolt ne sau amfiya, don haka famfo mai bolt 12 da ke jan amfiya 5 yana cin wat 60.

Misali mafi sauƙi shi ne ƙaramin ƙwan LED ja. Yana riƙe kimanin bolt 2, saboda haka idan aka ba shi bolt 5, saura bolt 3 ke nan da rezista, wato abin rage wuta, za ta ɗauka. Rezista mai om 220 za ta bar kusan miliamfiya 14 (miliamfiya ɗaya bisa dubu ce ta amfiya) su wuce, ƙwan ya haska lafiya. In babu ita, nan take zai ƙone.

Kayan haɗi

Rezista tana rage wuta. Kafasita tana ajiye wuta kaɗan ta sake ta da sauri, shi ya sa ake sa ta don daidaita wutar da ke rawa. Diyod tana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Tiranzista da rile duka makunnai ne da ƙaramar wuta ke sarrafawa, sai dai rile yana da ƙarfe mai motsi a ciki, yana kuma raba ɓangaren ƙaramar wuta da na babba. Fiyus yana tsinkewa kafin waya ta kama wuta.

Allon Arduino Uno yana aiki da bolt 5, kuma kowace ƙafarsa, wato inda ake jona masa waya, an so kada ta ba da fiye da miliamfiya 20. Naɗin wayar da ke cikin ƙaramin rile kaɗai yana jan kusan 70. Wannan ne dalilin da ya sa ba a haɗa rile, balle famfo, kai tsaye da ƙafar allon. Sai an sa tiranzista a tsakani. Haka nan duk abin da ke da naɗin waya, kamar rile, injin famfo ko bawul, yana mayar da wani bugun wuta mai ƙarfi a lokacin da aka kashe shi. Diyod irin 1N4007 da aka gitta a kan naɗin, gefenta mai zobe yana kallon wayar fositif, ita ke shanye bugun. Rashinta na cikin manyan abubuwan da ke kashe tiranzista ba tare da an ga dalili ba.

Ban ruwa mai sarrafa kansa

Sensar danshin ƙasa iri biyu ce ta fi yawa. Ta farko ƙarafa biyu ne tsirara da ke auna tirjiyar ƙasa. Ba ta daɗewa, domin wutar da ke bi ta jikinta tana cinye ƙarfen, kuma gishirin taki yana rage tirjiyar ƙasa har ta nuna akwai ruwa alhali saiwa na jin ƙishi. Ana iya tsawaita ranta idan ana ba ta wuta a lokacin awo kaɗai. Ta biyu tana aiki da tsarin kafasita, jikinta a rufe yake, ita ce ta fi dacewa da aikin da zai ɗauki watanni, muddin an shafe gefunanta da saman allonta da abin hana ruwa.

Lambar da sensa ke bayarwa ba ta da ma'ana sai an gwada ta a ƙasar da za ta yi aiki. Uno yana mayar da awon zuwa lamba daga 0 zuwa 1023. A ɗauki lambar a busasshiyar ƙasa, a sake ɗauka bayan an jiƙa ƙasar sosai ta tsane, sai a zaɓi iyaka tsakanin biyun. Yashi da laka ba za su ba da lamba ɗaya ba. A binne sensar a zurfin saiwa, a danne ƙasa ta manne da ita, kuma kada ta zauna daidai bakin inda ruwa ke ɗiga, in ba haka ba za ta kashe famfo tun ruwan bai kai ko'ina ba.

Iyaka biyu ake sawa, ta kunnawa da ta kashewa, da tazara a tsakaninsu. Idan ɗaya ce, famfo zai riƙa kunnuwa yana mutuwa kowane ɗan lokaci har rile ya lalace. Ya kamata kuma a ƙayyade mafi tsawon lokacin da famfo zai yi yana aiki, domin ranar da wayar sensa ta tsinke, wannan ƙa'idar ce kaɗai za ta hana gona cika da ruwa. Makunni mai yawo a kan ruwa, da aka sa a tanki ko rijiya, yana hana famfo aiki babu ruwa.

Injin ƙyanƙyasa

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21. A injin da ke da fanka ana riƙe zafi a wajen digiri 37.5 na ma'aunin Salsiyas, laimar iska kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe, lokacin da ake daina juya ƙwai. Sensar zafi ta DS18B20 ta dace da aikin, amma tana buƙatar rezista mai om 4,700 tsakanin wayar saƙo da wayar wuta, kuma kuskurenta na iya kai rabin digiri. Rabin digiri ba ƙaramin abu ba ne ga ƙwai, don haka a gwada ta da ma'aunin zafin jiki na asibiti. A ajiye ta daidai saman ƙwai, nesa da hita. Haɗari mafi muni shi ne bakin rile ya manne, hita ta ci gaba da ci. Maganinsa makunnin zafi na daban da zai yanke wutar ko da kwanturola ba ta sani ba.

Wutar sola

Daga abin da za a ci ake fara lissafi. Famfo mai wat 60 da zai yi awa 2 a rana yana buƙatar wat-awa 120, wato amfiya-awa 10 a bolt 12. Batirin dalma ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, saboda haka mafi ƙanƙanta shi ne mai amfiya-awa 20, kuma mai hankali zai ninka saboda ranakun hadari. Inda ake samun awa 4 na cikakkiyar rana, da asarar kusan kashi 30 cikin 100, farantin sola mai wat 50 zai wadatar. Batir ake fara haɗawa da kwanturolar caji kafin faranti, fiyus kuma ya zauna kusa da kan batir.

Tsawon waya yana cin wuta fiye da yadda ake zato. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 2.5, mita 10 zuwa da 10 dawowa, tana da tirjiya kusan om 0.14. A amfiya 8 za a rasa fiye da bolt 1 a hanya, wanda a tsarin bolt 12 ya isa ya raunana famfo.

Shingen dabbobi

Na'urar shinge tana aika bugun dubban bolt, gajere ƙwarai, kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Gajartarsa ce ta sa yake firgita dabba ba ya kashe ta, don haka haɗa shinge da wutar gida kai tsaye kisa ne. Wutar tana komawa ne ta ƙasa, shi ya sa raunin shinge yawanci daga turakun ƙarfen da aka kafa a ƙasa yake, ko daga ciyawar da ke taɓa waya. A busasshiyar ƙasa ana jera waya mai wuta da wayar ƙasa bi da bi.

Inda matsala ke fitowa

Da wuya allon kansa ya zama mai laifi. Famfo yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, bolt ya faɗi, kwanturola ta mutu ta sake farawa. Ana magance wannan da raba musu hanyar wuta da sa kafasita mai maikurofarad 470 zuwa 1,000 kusa da allon. Idan tiranzista ce makunnin, dole wayar negatif ta allon da ta famfon su haɗu. Raɓa da ruwan sama suna bin waya su shiga akwati, don haka wayoyi su shigo ta ƙasa, a lanƙwasa su ruwa ya ɗige kafin ya kai ƙofa, akwatin kuma ya kasance mai darajar IP65, wato wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shigarsa, a inuwa. Iskar kashin kaji tana cin tagulla, ɓeraye suna gwaguyar roba, tururuwa suna gida a cikin rile. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif takan yi tsatsa cikin damina ɗaya. A yi mata dalma ko a ɗaure ta da ƙusa. Wajen neman laifi da mitar auna wuta, a fara auna bolt a kan batir, sannan a bakin na'urar yayin da take aiki, domin mummunan haɗi yakan nuna bolt 12 cif idan babu nauyi, ya faɗi da zarar famfo ya tashi.