Sautin da jarumi yake ji da wanda kai kaɗai kake ji: mene ne dayajetik da non-dayajetik a fim?

In kana bibiyar masu koyar da harkar fim, ko ka taɓa zama kusa da edita yana aiki, da wuya baka ji an ambaci dayajetik da non-dayajetik ba. Sunan ne kawai yake da nauyi a baki, abin kansa tambaya ɗaya ce take raba shi: wannan sautin da nake ji, mutanen cikin fim ɗin su ma suna jinsa? In suna ji, ko zasu iya ji in sun kasa kunne, toh dayajetik ne, wato sautin cikin duniyar labarin. In kuma kai mai kallo kaɗai aka yi wa shi, su basu ma san da shi ba, shine non-dayajetik. Asalin kalmar Girkanci ce mai nufin ba da labari, wani masanin Faransa Étienne Souriau ne ya shigo da ita nazarin fim a 1951.

Ga misali. Wata mata ce zaune a mota da daddare, ruwa yana sauka a kan rufin, waifa tana kai da kawowa, rediyo yana ta magana ƙasa-ƙasa, sai wayarta ta yi ƙara ta ɗauka, aka gaya mata wani abu, ta yi shiru, numfashinta ya canza. Duk wannan dayajetik ne, ruwan da waifar da rediyon da muryarta, har numfashin. Sai kuma a hankali kiɗan goge ya fara tasowa mai sa zuciya ta karye. Toh ai babu mai goge a kujerar baya, ita bata jinsa, kai aka sako wa dan ka ji abin da take ji. Wannan shine na biyun. Muryar mai ba da labari da ba ya cikin sin ɗin, wato wurin da ake nunawa, ita ma non-dayajetik ce, haka waccan ƙarar dum ɗin da ake sakawa in mugu ya bayyana, da dariyar da ake liƙawa a wasannin barkwanci na talabijin.

Akwai wurare biyu da mutane suke yawan ruɗewa. Na farko wasu suna ɗauka in baka ga abin da yake yin ƙarar a allo ba shikenan ya zama non-dayajetik. A'a. Kare yana haushi a bayan katanga, ko jiniyar motar asibiti daga nesa, ko wani yana ƙwanƙwasa ƙofa kyamara bata nuna shi ba, duk a cikin duniyar labarin suke, jarumin zai iya juyawa ya duba. Na biyu kuma, ba lokacin da aka ɗauki sautin ake kallo ba. Mafi yawan takun sahu da motsin riga da ƙarar kofi a kan tebur da kake ji a manyan finafinai ba a lokeshin aka ɗauke su ba, a situdiyo wasu suke tsayawa suna kallon hoton suna kwaikwayonsu da takalma da tarkace, aikin da ake kira foli, sunan Jack Foley ne wanda ya yi fice da shi a kamfanin Universal tun farkon zuwan fim mai magana. Ko jarumi ya dawo situdiyo ya sake maganarsa an ɗora, duk da haka dayajetik ne tunda a labarin daga bakinsa ta fito.

Ƙarfin non-dayajetik ba abin wasa bane. A fim ɗin Jaws na 1975 mai tsara kiɗa John Williams da sauti biyu kacal yana maimaita su ya sa mutane tsoron kifin shak tun kafin su gan shi, masu iyo kuwa basu jin komai, kai ne kake ji kana ta so ka ce musu su fito. A Psycho na 1960 darakta Alfred Hitchcock da farko cewa ya yi kar a sa kiɗa a sin ɗin da ake kashe wata mata a banɗaki, mai tsara kiɗan fim ɗin Bernard Herrmann ya rubuta nasa duk da haka, gogen nan masu tsawa kamar ana caka wuƙa, da Hitchcock ya ji sai ya canza ra'ayi.

Amma ni inda abin ya fi burge ni shine kan iyakar, inda darakta yake wasa da tsallake ta. A Apocalypse Now na 1979, lokacin da jirage masu saukar ungulu suka nufi wani ƙauye a yaƙin Biyetnam, kiɗan Wagner, tsohon mai tsara kiɗa na Jamus, yana tashi, in baka lura ba zaka ɗauka kai aka sako wa, alhali sojojin ne da kansu suka kunna shi a lasifikokin da suka ɗaura a jirgi dan su firgita mutanen ƙasa. Da ace non-dayajetik ne da fim ɗin ne yake cewa dubi jarumta, amma tunda su suka kunna, sai ya koma shaida a kansu, mutane ne da suke kisa suna saka wa kansu kiɗa. Kiɗa ɗaya, ma'ana ta juye gaba ɗaya saboda inda yake fitowa kawai. Haka zaka ga waƙa ta fara a ɗan rediyon mota da ƙaramar murya, motar ta wuce, waƙar kuma ta cika kunne ta raka mu zuwa wani gari, ta tsallako daga cikin labari zuwa wajensa kenan. Waƙoƙin finafinan Indiya ma a kan iyakar suke zaune, bakin jaruma yana motsi ita ce take rerawa, amma makaɗan babu su a kan dutsen.

Sai kuma sautin cikin kai. A Saving Private Ryan na 1998, saukar sojoji a gaɓar Normandi babu kiɗa ko kaɗan, harsashi ne da ruwa da ihu, sai bam ya tashi kusa da kyaftin ɗin sojojin, wato jarumin fim ɗin, komai ya dushe kamar an toshe maka kunne. Na kusa da shi basa jin haka, shi kaɗai ne, kuma daga jikinsa abin ya fito ba daga waje ba, shi yasa masana suke ware masa gurbi, dayajetik na cikin rai. Tunanin jarumi da muke ji yana yi a zuci ma haka ne.

Gaskiya abin da yake damuna da finafinai da yawa, musamman na masu farawa, shine kiɗa daga farko har ƙarshe ba numfashi, ana kuka kiɗa, ana tafiya kiɗa, ana gaisawa ma kiɗa, har ya danne maganar, kuma in ka bincika sau da yawa ba dan labarin ya buƙata bane, sautin lokeshin ne bai ɗauku da kyau ba ake rufa masa asiri. Kunne kuwa in ya saba da abu sai ya daina jinsa, ranar da ake buƙatar kiɗan da gaske ya riga ya zama lami. A 1995 daraktoci Lars von Trier da Thomas Vinterberg a Denmak sun fito da dokokin Dogme 95, cikinsu har da cewa ba za a sa kiɗa ba sai in a wurin ɗaukar ake yinsa. Ba sai an kai can ba, amma ka kalli No Country for Old Men na 2007 da kusan babu kiɗa, ka ji yadda iska da takun sahu da motsin makullin ƙofa suke riƙe mutum.

In zaka yi amfani da kiɗan dayajetik, dole ya yi kama da wurin. Waƙar da take fitowa daga waya bata da kauri, wadda ake yi a ɗakin maƙwabta sai ka rage mata kaifi tunda bango ya tare, in aka buɗe ƙofa ta ƙaru. Mai tsara sauti Walter Murch a fim ɗin American Graffiti na 1973 har kunna sautin yake yi a lasifika a fili ya sake ɗauka dan ya kwaso amon wurin. Kuma kar ka kunna waƙar lokacin da jarumai suke magana a gaban kyamara, su yi kamar suna jinta, a ɗora daga baya, in ba haka ba duk inda edita ya yanka sai waƙar ta yi tsalle. Kafin a tashi daga lokeshin a sa kowa ya yi shiru a ɗauki sautin ɗakin shi kaɗai ko na minti ɗaya ne, da shi edita zai cike gurbin da ke tsakanin maganganu.