Gizo-gizo mai dogayen ƙafafu a cikin gida

Wannan shi ne ɗan siririn gizon nan da ake gani a rataye kai ƙasa a kusurwar silin, ko bayan kwaba, ko cikin sito da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, duk dai inda akwai duhu da danshi kuma ba a cika taɓa wurin ba. Masana sun sa shi a dangin Pholcidae, dangi ne mai iri sama da 1,800, amma wanda ya fi zama da mutane a gidaje shi ne Pholcus phalangioides, wanda aka fara rubuta bayaninsa tun 1775. Jikinsa bai kai santimita ɗaya ba, ƙafafun ne ke iya kai santimita 5, sirara kamar gashi.

Yanarsa a hargitse take, ba ta da tsari kuma ba ta da danƙo, in sauro ko ƙuda ya faɗa ciki sai ya yi maza ya nannaɗe shi da zare daga nesa kafin ya cije shi, har gizo-gizon da ya fi shi girma yana kamawa da wannan dabarar. In ka taɓa yanar da yatsa sai ka ga ya kama karkarwa yana juyi da sauri har ya zama dishi-dishi, kare kansa yake yi. Macen kuma a baki take ɗauke da ƙunshin ƙwanta har su ƙyanƙyashe.

Maganar da ake yaɗawa wai dafinsa ya fi na kowane gizo haɗari ba ta da tushe ko kaɗan. Da wuya ya ciji mutum, in ma ya cija ɗan zafi ne ya wuce. Gaskiya matsalarsa ɗaya ce, yana. Ba ya kwashe tsohuwar, sai dai ya yi ta ƙara sabuwa a gefe, ƙura ta hau, ɗaki ya koma kamar kango.

To a nan ya kamata a sa ƙarfi. Tsintsiya mai dogon hannu ko injin zuƙe ƙura, a bi kusurwoyi akai-akai a kwashe yanar da ƙwan gaba ɗaya, don shara sau ɗaya ba ta korarsa. A buɗe tagogi iska ta ratsa, a gyara famfon da ke ɗiga, a ɗaga kwalayen da aka jibge a jikin bango, a toshe tsagogi a sa raga a taga saboda in ƙwari suka ragu abincinsa ya ƙare. Feshin maganin ƙwari a ƙasa ba ya yin wani tasiri sosai tunda shi a sama yake zaune, sai dai mutanen gida su shaƙi guba a banza. Wanda bai son kashe shi sai ya kifa masa kofi, ya zura takarda ta ƙasa, ya kai shi gareji ko sito inda yanarsa ba za ta dami kowa ba.